Allon Adon Da Ya Zubo Ranar Da Surukata Ta Zo

A wannan watan labarin bangon falona zan ba ki, domin na san akwai irina da yawa da suke zama su zuba wa bango ido suna tunanin abin da za su rataya masa.

Lokacin da muka tare a gidan da muke ciki yanzu, akwai wani dogon bango a bayan doguwar kujera da ya tsaya mini a rai. Fari ne fat, ko ƙusa babu. A tsohon gidanmu hotunan biki da na yara ne a jere, to amma tun kafin mu tashi ni da maigida muka yi shawarar mu adana su a akwati, saboda a falo yake jan mu sallah duk ranar da ruwan sama ya hana shi fita masallaci, kuma hankalinmu bai kwanta da hoton mai rai a gaban mai sallah ba. Wata rana na shiga shagon kayan adon gida, na ga irin allunan nan da ake yayi, waɗanda babu siffar mutum ko dabba a jikinsu, sai tudu da kwari da layi-layi kamar iska ta bi ta kan rairayi. Da na ji kuɗin guda ɗaya sai na mayar da shi wurinsa a hankali kamar ƙwai, don ya kusa kuɗin buhun shinkafa.

A daren na kwana ina kallon bidiyon masu yin irinsa a waya. Mace ta ɗebo farin kwaɓi, ta shafa a kan kanbas, wato ƙyallen nan mai kauri da ake ɗaurewa a jikin katako don zane, ta ja da wani abu mai haƙora, shi ke nan an gama. Ni da ko a firamare malamin zane bai taɓa yaba mini ba, sai na ji a raina wannan kam zan iya. Da na kwashi adashe na yanki wani abu daga ciki, na sayo kanbas babba guda biyu, da garin POP irin wanda ake yin silin da shi, da fenti kala uku. Maigida ya dubi kayan ya ce, "Allah ya sa a ga alheri." Kin dai san irin wannan addu'ar.

Cikin watan Janairu ne, hunturu ya kankama. Na juye rabin garin a roba na kwaɓa gaba ɗaya kamar mai shirin fanke. Ina cikin tunanin ta inda zan fara, kafin minti goma sha biyar ya daskare ya zama dutse, har robar ta ɗauki zafi. Na sake kwaɓa wani, wannan karon cikin sauri, na lafta shi da kauri kamar malmalar tuwo, na ja masa layi da cokali mai yatsu, sannan na kai shi tsakar gida wai iska ta busar mini da wuri. Ragowar kwaɓin kuwa na wanke a wurin wanke-wanke, abin da ya jawo sai da aka kira mai gyaran famfo, domin ya je ya sandare a cikin bututu. Washegari na shafa fenti na rataya. Gaskiya daga nesa ya yi kyau, har na ɗauki hotonsa na tura wa ƙanwata.

Ranar Juma'a surukata ta iso daga Zariya. An shimfiɗa mata darduma a gindin kujerar, na kawo ruwa da fura, muna cikin gaisawa sai autana ya shigo da gudu ya bugo ƙofa. Sai ji muka yi tim! Wani ɓangare na allon, kusan faɗin faranti, ya ɓalle ya faɗo bayan kujera, farin gari ya watsu har kan mayafin Hajiya. Ta yi salati, ni kuwa na rasa inda zan sa kaina. Maigida ya sunkuyar da kai yana danne dariya, daga baya ma cewa ya yi ai kuɗin adashe ne yake zubowa.

Hajiya ta sa aka miƙo mata gutsuren, ta murza shi a tsakanin yatsunta ya koma gari. Ta ce, "'Yar nan, wa ya ce miki ana yaɓe a kan tsumma?" Na ce, "Hajiya, haka na ga Turawa suna yi." Ta ce to ita ba ta san na Turawa ba, amma ta tashi a cikin birni ta ga magina suna yi wa zaure ado. Ƙasar sai an cuɗa ta da ciyawa an bar ta ta kwana biyu ta ruɓa, yaɓen kuma bi da bi ake yi, sai na fari ya kama a ƙara wani, adon kuwa da hannu ake fitar da shi tun ƙasa tana da danshi. Ta ba ni labarin makuba da ake samu daga ɓawon ɗorawa, wadda mata suke yayyafawa idan suna daɓen ɗaki don ya yi ƙarfi ya yi sheƙi. Hirar da ba mu taɓa yin irinta ba ke nan a shekara goma sha ɗaya da aurena, har la'asar ta same mu a wurin.

Maganarta ce ta sa na koma na bincika. Ashe abin da nake ɗauka baƙo ne yana da dangi a gidanmu. Masallacin Juma'a na Zariya da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a shekarun 1830, ginshiƙansa na ciki suna ɗauke da irin wannan ado mai tudu da kwari. Haka za ki gani a Gidan Makama a Kano, da tsofaffin gidajen unguwar Birni a Damagaram, ga kuma dagi da kowa ya sani a goshin zaure. A can Turai ma, cikin waɗanda suka fara zanen da ba ya kwaikwayon siffar komai akwai wata mata 'yar ƙasar Suwidin, Hilma af Klint, tun a 1906. Shi kuwa Antoni Tàpies na ƙasar Sifaniya, a shekarun 1950 ya yi suna da cakuɗa rairayi da garin dutse a cikin fenti har allonsa ya riƙa kama da tsohon bango. Na yi dariya ni kaɗai, na ce mutumin nan da ya zo Zariya da ya huta.

Na kuma gane inda na yi kuskure. POP ba bushewa kawai yake yi ba, haɗuwarsa da ruwa ce take sa shi ya sandare, shi ya sa yake ɗaukar zafi, kuma shi ya sa ba a tsoma hannu a bar shi a cikin kwaɓin. Idan iskar hunturu ta zuƙe ruwan kafin ya gama kamawa, sai ya fito da rauni yana marmashewa. Sannan idan ya sandare ba ya lanƙwasa, kanbas kuwa ƙyalle ne, yana motsi. Abu mai tauri a kan abu mai motsi, ai dole a rabu.

A karo na biyu na ajiye ɗaya kanbas ɗin, na je wurin kafinta ya yanko mini falankin filawud, tsawonsa santimita 60, faɗinsa 40, ya yi masa firam ta baya. Uwargida, idan za ki gwada, ki fara da ƙarami irin wannan, kuskurensa ba ya cin kuɗi. Na sirka farin gam na kafintoci da ruwa kaɗan na shafe fuskar katakon, na bari ya sha iska, don kada katakon ya tsotse ruwan kwaɓin. Sai na zuba ruwa kofi ɗaya a roba, na narka gam cokali uku a ciki, sannan na riƙa barbaɗa garin, kusan kofi biyu, ina juyawa. Gari ake zubawa a ruwa, idan kika juya tsarin zai yi miki gudaji. Gam ɗin yana ƙara masa riƙo, yana kuma ba ki 'yan mintuna kafin ya kama. Wadda ba ta son gaggawa ta nemi fila irin ta masu fenti da suke shafe bango da ita, ta fi jiran mutum, sai dai tana tsagewa idan ta yi kauri.

Kaurin shafin kada ya wuce na biskit. Idan kina son tudu, ki bari na farko ya bushe ki ƙara. Kayan aikina duk daga cikin gida na tsince su: tsohon katin banki na baje kwaɓin, mataji mai manyan haƙora na jan layi, murfin kwalba na fitar da da'ira, da soson wanka da nake dannawa ya bar ƙananan ramuka. Na ja wasu layuka masu lanƙwasa da matajin daga kusurwa zuwa kusurwa, na bar gefe ɗaya sumul. Wannan barin wuri shi ya fi ba ni wuya, domin hannu ba ya son tsayawa, ga shi mu dama mun saba da jere, ba mu iya ganin fili mu ƙyale ba.

A cikin ɗaki na shanya shi a kwance, nesa da taga, kwana biyu cur. Na goge kaifin bakinsa da samfefa, na ɗaure hancina da ɗankwali saboda ƙurar, yara kuma na kore su waje. Fenti na ruwa na shafa, launin jar ƙasa irin na ganuwa, na ɗan taɓa kan tudun da ruwan zinare da ɗan yatsana. A ƙarshe na bi shi da man nan da kafintoci suke shafa wa katako, mara sheƙi sosai, domin ƙurar ƙasar nan tana son ramuka, kuma idan babu shi ba ya goguwa.

Guda uku ne yanzu a jere a bayan kujerar. Na tsakiyan yana da 'yar tsaga a kusurwar hagu wadda ni kaɗai na san da ita, sai ke da na gaya wa yau. Da Hajiya ta dawo da ƙaramar sallah ta daɗe a tsaye tana kallonsu, ta kai hannu ta ƙwanƙwasa ɗaya don ta ji ko zai zubo, sannan ta zauna a gindinsu. Da za ta tafi ta ce in yi mata ɗaya na ɗakinta, amma ita da dagi take so a tsakiya, kuma kada in sa mata ruwan zinaren nan. Na ɓata falanki biyu ina koyon dagin, na ukun yana ƙarƙashin gado yana bushewa.