Ziyarar Durɓi ta Kusheyi

Ni mutumin Safana ne, amma sai bana na taka Durɓi ta Kusheyi, can ƙasar Mani. Wasu tuddai ne a fili, wurin tsit, wai kusheyin sarakunan dauri. Masana sun tona a 1907 da 1992, aka sami kuɗin wuri da 'yan kunnen zinariya.

Ina tsaye sai kabarin kakana ya faɗo mini a rai, a ƙauyenmu na bakin dajin Rugu. Tun da 'yan bindiga suka tashe mu muka koma Batsari, ba wanda ya leƙa shi. Su waɗannan, tuddansu sun yi shekaru ɗaruruwa. Shi kuwa fasasshen tulu aka kafa masa. To, wa zai nuna wa 'ya'yana wurin?