Allon ƙofar biro

Garinmu Matameye yana bisa hanyar Damagaram zuwa Kano. In mun ƙetare iyaka a Ɗan Barto muka shiga Najeriya, mukan ga allo a ƙofar biro, wanda can suke kira ofis. An rubuta "Office hours".

Ingilishi ne. Ma'anarsa lokacin da ma'aikaci yake zaune don karɓar mutane, misali daga ƙarfe 8 na safe zuwa ƙarfe 4 na marece.

A ganina wannan allo alkawari ne. Manomi yakan bar gonarsa, ya biya kuɗin mota saboda takarda guda. In ya makara, asararsa ce. Amma in ya zo kan lokaci ya iske ƙofa rufe, wa zai biya shi yininsa?