Ɗan Bello Da Majalisarmu Ta Jimeta

Shekara 19 ke nan da na baro Kano na zauna a Jimeta, kuma kusan kullum bayan sallar isha'i muna zama a majalisa ƙofar shagon wani dattijo da muke kira Kawu, kusa da babbar kasuwa. Yawancinmu Kanawa ne, don haka siyasar gida ce abincin darenmu.

A shekarar 2024 Bello Galadanci, wanda aka fi sani da Ɗan Bello, ya shigo hirarmu ta waya. Tsohon ma'aikacin Muryar Amurka ne, daga ƙasar Sin yake sako bidiyoyinsa na barkwanci a Facebook da TikTok yana caccakar masu mulki. Da ya zargi wani tsohon kwamishinan gwamnatin Ganduje da cin kuɗin ƙananan hukumomi, mu masu jar hula har tafi muka yi. Kawu, ɗan APC na gani-kashe-ni, ya ce yaron Kwankwasiyya ne, biyan sa ake yi.

Ba a yi nisa ba, cikin watan Agusta, sai ya bankaɗo kwangilar sayen magani ta ƙananan hukumomin Kano, yana zargin an bai wa kamfanin wani ɗan uwan Kwankwaso. Gwamna Abba Kabir Yusuf ya ce ba da saninsa ba, ya ba da umarnin bincike. Ranar Kawu ne ya saya wa kowa shayi. Ni kuwa, Allah ya yafe mini, da bakina na ce ai mai zaune a Sin ba shi da asara, shi ya sa yake zuba yadda ya ga dama.

Kawu ya dube ni ya ce, "Ɗana, kai ma daga nesa kake zagin na Kano. Wanda ke mulkin unguwar da kake kwana fa, ka taɓa buɗe baki a kansa?"

Maganar ta tsaya mini a wuya, domin gaskiya ce. A nan nake biyan haraji, a nan nake zaɓe, a nan aka haifi 'ya'yana huɗu, Fulatancinsu ma ya fi nawa. Amma in kwata ta toshe ko famfo ya ƙafe sai mu yi gum, wai mu baƙi ne, kada a ce mun cika baki, kada yaro ya je neman takardar zama ɗan asalin jiha a tuna masa inda kakansa ya fito. Da ambaliyar Yulin 2025 ta ci rayuka a Yola, a unguwanni irin su Shagari da Yolde Pate, mun kai gudummawar tufafi da hatsi, amma ban ji ɗayanmu ya tambayi yadda aka bar gini a kan hanyar ruwa ba.

Ban ce duk abin da Ɗan Bello ya faɗa haka yake ba, zargi sai da hujja, kuma wani sa'in ba'arsa na wuce gona da iri. Sai dai na gane yabon da na yi masa da farko ba don son gaskiya ba ne, daɗi na ji ya taɓa abokin hamayyata. Laifi tudu ne.

Makon jiya na je taron unguwa kan magudanar layinmu, na yi magana muryata na rawa. Babu wanda ya kira ni baƙo. Kawu yana gefe yana murmushi.

Allah ya sa mu dace, amin.