Ruwan Kifin Gida

Duk dabbar da mutum yake kiwo tana da hanyar kai ƙara. Akuya ta yi kuka, kaza ta yi kyarkyara, amma kifi shiru ne nasa har ya mutu. Saboda haka wanda ya ɗauko kifi ya sa shi a gida ya ɗauki amana mai nauyi.

Mu mutanen Karaye da Rogo, tun da aka gama madatsar ruwan Challawa a 1992, kifi ya zama maƙwabcinmu. Ni ma ina da akwatin gilashi a gida da 'yan ƙananan karfasa a ciki, domin yarana da 'yan makarantarmu su riƙa duban aikin Mahalicci kusa da kusa. A nan na gane abin da tafki yake yi wa kifi kyauta. Iska tana kaɗa shi dare da rana, kogi yana kawo sabon ruwa. A akwati kuwa babu iska babu kogi, sai hannun mai gida.

Kifi yana numfashi da iskar da ta narke cikin ruwa, iskar kuwa ta fuskar ruwan take shiga. In fuskar tana motsi sai ta shiga da yawa, in ta kwanta lumui sai ta ragu. Ruwa mai ɗumi kuma ba ya riƙe iska kamar mai sanyi, shi ya sa Maris da Afrilu suka fi hatsari. In ka ga karfasa sun taso sama da asuba suna buɗe baki, to, kukansu ke nan. Tarwaɗa takan jure, gama tana iya haɗiyar iska daga waje, amma karfasa ba ta da wannan baiwa. Mai ƙaramin famfon iska sai ya kunna. In babu wuta, moɗa ta isa: ka ɗebo, ka ɗaga hannu kaɗan, ka zuba a hankali, sau da yawa. Sai dai motsin ya zama da sauƙi. In ruwa yana wujijjiga kifi yana tayar da dattin ƙasa, kifin zai gaji ya bar cin abinci.

Sa'an nan maganar yawan ruwa. Na manna alama a jikin gilashin, kamar yatsu uku ƙasa da baki, na kuma yi masa murfi, domin kifi yana tsalle. Da hunturu ruwa yakan sauka daga alamar cikin 'yan kwanaki. Abin lura shi ne, ruwa kaɗai ke tashi, kashin kifi da ragowar abinci suna nan. Don haka ƙari kawai bai isa ba. Kowace Asabar mukan kwashe kashi ɗaya cikin huɗu daga ƙasa, mu cika da ruwan da ya kwana a bokiti, a zuba shi bisa faranti don kada ya birkita gidan. Ba a sauya ruwan duka a rana ɗaya, gama sauyin farat ɗaya yana kashe su.

'Yata ƙarama ce ke duba alamar kowace safiya kafin addu'ar iyali, in ta ga ruwan ya yi gauraye-gauraye sai ta tambaya ko wa ya cika ba su abinci. Ruwa dai ba ya tsami banza.

'Yan'uwa, Littafin Farawa ya nuna mana Allah ya sa kifayen teku ƙarƙashin hannun mutum, kuma za mu ba da lissafi. A gidajenmu ma akwai waɗanda ba sa kai ƙara: yaro mai kunya, tsohuwa mai kawaici, amarya baƙuwa. Ubangiji ya ba mu idon lura da su tun da sauran lokaci. Amin.