Yelwa ta Kan Tsaunin Mambila

Mu da neman ilmi ya kawo biranen Kudu, in zangon karatu ya ƙare, babu abin da zukatanmu ke bege kamar wurin da kunne zai huta daga ƙarar janareta da hon ɗin motoci. Irin wannan wuri muka samu a Yelwa, wani ɗan ƙauye a kan tsaunin Mambila, cikin Ƙaramar Hukumar Sardauna ta Jihar Taraba.

Hanyar kuwa ba ta rago ba ce. Daga Jalingo sai Bali, daga Bali sai Serti, sannan a Mayo Selbe mota ta kama hawa tana nishi, hanya na lauje-lauje kamar maciji, har mutum ya tsinci kansa a bisa tudun da ya haura mita 1,500. Nan zafi yake sallama da matafiyi. Da asuba hazo kan lulluɓe bukkoki, ruwan alwala ya yi sanyi kamar ƙanƙara, shanu kuma su bazu a kan tuddai masu koriyar ciyawa, domin ƙudan tsando bai cika zama a wannan sanyi ba.

Tafiyar ƙafa kaɗan daga ƙauyen akwai kurmin Ngel Nyaki, wanda aka keɓe tun 1969, inda birai da tsuntsaye ke sha'aninsu. Da yamma mukan zauna a bakin wuta, ga gasasshiyar masara, ga shayin Kakara da aka noma a tsaunin, ana hira da Hausa da Fulatanci har barci ya ɗauke mu.

Amma, ya kai mai karatu, abin da muke kira hutu, ga mutanen ƙauye rayuwa ce mai nauyi. Nisan da ya tsare musu natsuwa shi ne kuma ya nisanta su da babban asibiti. Haka nan a 2017 rikici kan filaye tsakanin manoma da makiyaya ya ci rayuka a Mambila, ya nuna cewa wannan kwanciyar hankali ba gado ba ce, riƙo take so.

Saboda haka wanda duk ya je, ya gai da mai unguwa, ya sayi zuma da man shanu ba tare da matse farashi ba, ya bar kurmi yadda ya same shi. Zaman lafiya ya fi zama ɗan sarki. Allah Ya dawwamar da shi a Mambila, amin.