Naman Kaza da Laimar Kwaɗi

A dazukan Anka da Gummi da Bukkuyum, wanda ya fita neman naman kaza da hunturu zai komo hannu wofi. Iyakar abin da zai tarar busasshen tumukun suri, wanda in an taɓa shi sai baƙin gari ya tashi. Naman kaza sai damina ta zauna, wajen Yuli da Agusta.

Amma akwai wata tsohuwa a ƙasar Bukkuyum wadda tun da hunturu take soma nata neman. In ta tafi itace, takan lura da kowane suri mai gara da rai a ciki, ta riƙe wurin. Dalili kuwa, gara ce ke nomansa cikin ɗakinta, shi ya sa in an tono shi akan ga doguwar saiwa ta nutse ƙasa.

Ran nan da damina jikarta ta kawo wani fari, babba, daga makiyaya. Tsohuwa ta juya shi, ta ga ƙarƙashin laimar ya yi kore-kore, saiwa kuwa babu. Ta ce, “A gindin wane suri?”

Yarinya ta ce, “Cikin ciyawa ne, Kaka.”

Ta ce, “Laimar kwaɗi ce. Amai da zawo ke cikinta, dafuwa kuma ba ta kashe dafin. Kai ta masai, kada ƙannenki su gani.”