Na Je Jalingo Ɗauko Ɗana, Na Komo Ni Kaɗai

Tafiyar da zan ba ku labarinta yau ba ta fatauci ba ce, ba kuwa ta buɗe ido ba. Ɗana ne na fari, wanda alkunya ba za ta bar ni in ambaci sunansa ba, ya rufe keken ɗinkin da na saya masa a Fagge bayan ya ƙare sakandare, ya bi wani mai koyar da ƙwallo zuwa Jalingo, wai zai mai da tamaula sana'a. Da aka yi wata biyar sai uwarsa ta daina barci, ta ce lalle in je in ɗauko shi. Ni ma abin da ke raina ke nan.

Muka tashi daga Kano da asuba, muka bi ta Gombe, muka wuce Billiri da Kaltungo inda duwatsu suka yi tsaye kamar an dasa su. Da la'asar muka haye gadar Numan, kusa da inda kogin Gongola ya faɗa Binuwai, sa'an nan muka miƙa kudu. Ba mu shiga Jalingo ba sai bayan lisha. Na sauka gidan wani tsohon abokina, malamin makaranta wanda ya yi ritaya.

Da gari ya waye na ga inda nake. Jalingo tana zaune ne a gindin duwatsu, kogin Lamurde ya ratsa ta. A kasuwa mutum zai ji Filatanci da Mumuyanci da harshen Jukunawan Kona, amma ciniki da Hausa ake ƙulla shi, doya kuwa ga ta nan tuli-tuli. Mai masaukina ya gaya mini garin asalinsa sansanin yaƙi ne. A 1892 Sarkin Muri Muhammadu Nya ya ci garin Kona da taimakon bindigogin wani Bafaranshe mai suna Mizon, a 1893 kuwa ya kafa Jalingo, sunan da ke nufin rinjaye da Filatanci. Ran 27 ga Agusta 1991 aka yanki Jihar Taraba daga tsohuwar Gongola, garin ya zama babban birninta.

Da yamma muka wuce ta gaban babban filin wasa na Jolly Nyame. Na zaci nan za mu shiga, sai Malam ya yi murmushi ya ce yaranmu ba su kai nan ba tukuna. A wani fili mai ƙura bayan wata makarantar firamare muka same su, samari wajen talatin, waɗansu takalmansu duk ɗinki. Na tsaya nesa don kada ya gan ni. To, jama'a, gaskiya ɗaya ce: ban taɓa ganin yaron nan ya yi wani abu da zuciyarsa duka ba kamar yadda na ga yana bin ƙwallon nan. Ya rame, amma da ya karɓi ƙwallo sai fili ya yi tsit. Ni da na zo da faɗa a baki, sai na ji ƙwalla ta cika mini ido.

Daren nan na ce wa Malam, duk da haka wasa wasa ne, ba ya ciyar da gida. Ya ce, “Alhaji, tsoronka yana da tushe.” Ya tuna mini yadda ƙungiyar Taraba ta hau babban rukunin ƙwallon Nijeriya a 2014, gari ya ɗauki murna, amma a 2015 ta faɗo, har a ƙarshen shekarar 'yan wasanta suka riƙa kwana a ƙofar gidan gwamnati suna neman albashinsu na watanni. Ya ce, amma wannan gardama ba yau aka fara ta ba, kuma ba a nan kaɗai ba.

Sai ya kawo mini labarin zari-ruga, watau wasan nan da ake rungumar ƙwallo mai siffar gwanda a ruga da ita. A arewacin Ingila masu yin sa yawanci leburorin haƙar kwal ne da ma'aikatan masaƙu, waɗanda in sun bar aiki ran Asabar don wasa sai a yanke musu lada. Shugabannin wasan, masu hannu da shuni, suka ce haram ne a biya ɗan wasa ko kwabo. Saboda haka ran 29 ga Agusta 1895 ƙungiyoyin arewa suka taru a garin Huddersfield suka ɓalle, suka kafa nasu tsarin da ya yarda a biya mutum ladan ranar da ya rasa. Daga baya suka rage 'yan wasa daga 15 zuwa 13. Cikin wannan tsari ne Martin Offiah, wanda iyayensa 'yan Nijeriya ne, ya shahara har ƙungiyar Wigan ta saye shi fam 440,000 a 1992. Malam ya ce, “Ka gani, Alhaji, abin da ya mai da wasa sana'a shi ne lada tabbatacce da takarda a rubuce. In babu su, yaro bauta kawai yake yi wa mai fili.”

Na kwana ina juya maganar nan. Da safe na aika aka kira yaron, ya zo ya durƙusa, kansa a sunkuye. Na tambaye shi ko akwai takarda tsakaninsa da mai ƙungiyar. Ya ce, “Babu, Baba.” Nawa ake ba shi? Ya ce kuɗin abinci, shi ma ba kullum ba. In ƙafa ta karye fa, wa zai biya magani? Ya yi shiru.

Na ce masa, “To, saurara, kai yaro. Ban zo in kashe maka zuciya ba. Na ba ka shekara biyu. Da safe za ka zauna shagon telan da Malam zai haɗa ka da shi, da yamma ka tafi filinka. Kada ka sa hannu a kowace takarda sai Malam ya karanta ta, kada kuma ka ba kowa ko sisi don ya ce zai kai ka Turai. In shekara biyu ta cika ba ƙungiyar da ta ɗauke ka da albashi, kekenka na nan a Fagge.” Ya ce ya yarda, Malam ya zama shaida, muka shafa fatiha.

Ina kira ga iyaye 'yan'uwana, kada mu kori 'ya'yanmu da zagi, kada kuma mu sake su sakaka. Mu taka mu je inda suke, mu ga abin da suke ci da inda suke kwana, mu tambayi takarda. Ga hukumomin wasanni kuwa, a biya ɗan wasa haƙƙinsa tun guminsa bai bushe ba.

Da muka sake hayewa gadar Numan, kujerar da na yi niyyar biya masa wani Bafillace ne a kanta da 'yar jakarsa. Ni kuwa ina ta shirya abin da zan gaya wa uwar yaron. Allah ya shirya mana zuriya, amin.